Ƙibar Inna a Shekarun Lakiriz

Shekarun baya can, zamanin matsin tattalin arziki da muke kira lakiriz, aka zaftare albashin ma'aikata, ciniki ya tsaya cik a unguwarmu, Birkiteri. Ni ina ɗinki a cikin gida, kusan duk aikin da ake kawo min ragin kaya ne, don kowa ya zube. Mahaifiyata kaɗai ke ƙiba.

Fuskarta ta cika ta yi zagaye, bayan wuyanta ya tara tozo. Matan unguwa har barka suke mata, wai lakiriz ba ta san ƙofarta ba. Ni kuwa abin ya ɗaure min kai, domin kwano ɗaya muke ci, loma kaɗan take yi ta tsame hannu. Har na fara zargin tsire take ci a ɓoye. Wata rana na bi bayanta kamar 'yar sanda, na ƙare a gidan rasuwa a unguwar Ekudu. Dole na zauna na yi ta'aziyyar mamacin da ban sani ba.

Da na zo auna ta don ɗinkin Sallah, na ga ciki ya ƙaru amma damatsanta sun sirance, ga wasu jajayen zane a gefen cikin. Ranar da ta kasa miƙewa daga tabarma sai da na ɗago ta, na ce asibiti za mu.

Likitan da muka samu Faransanci yake yi, ni ke fassarawa.

"Inna, wai wane magani kike sha?"

"Ba na shan komai. Sai 'yan ƙwayoyin gwiwata."

Ta kwance bakin zanenta ta nuna masa. Ashe tun da asibiti ya yi tsada take sayensu wurin wani mai tallar magani a kasuwar Mokolo, kullum sai ta sha.

Likitan ya ce jikin mutum yana yin wani sinadari, kotizol, daidai buƙata. Ƙwayoyin nan danginsa ne, in ya yi yawa shi ke kumbura fuska, ya cinye tsoka, ya ta da suga da hawan jini. Duk biyun an same su a jikinta. Na ce yau zan zubar da su, ya ɗaga min hannu. Wai jikinta ya daina yin nasa, in ta yanke lokaci guda za ta iya rasa ranta. A hankali aka riƙa rage mata.

Da fuskarta ta saɓe, maƙwabta suka fara shigowa dubiya. Ta ce min, "Kin ga, yanzu da na samu lafiya ake yi min sannu." Ciwon gwiwar dai ya dawo, da shi ta rayu, tana dogara sanda.

Har yau ina mamakin yadda ƙwayar da ba ta kai ƙwayar wake ba ta sauya min kamannin uwa a gaban idona. In na ga mai tiren magani, sai na tsaya ina juya kwalaye ina karantawa. Shi kuma yana ta jira in saya.