Neman shimfiɗar mesa a bayan Tajaye

Mun tashi da asuba daga Ƙonni ran Laraba, ni da ɗan ƙanwata da wata baƙuwa da ban gayyata ba. Baƙuwar tana cikin akwatin katako mai huji-huji. Mesa ce. Ku da ke karanta wanga labari kuna dariya, Allah ya kai muku irinta har ɗaka.

Bari in faro daga tushe. Ɗan ƙanwata shekara goma sha ɗaya ya yi a Kwatano, ko jana'izar uwarsa bai samu ba. Bana ya dawo. Kowa na dawowa da babur ko keken ɗinki, shi ya dawo da maciji, wai abin kiwo ne, ba ta da dafi. Ni dai aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, kuma mushe, malaminmu, bai taɓa ce muna akwai maciji mai kirki ba. Ya shimfiɗa mata garin katako daga wurin kafinta. Sau biyu tana ture murfi ta fita. Na farko anka same ta bayan randar tsohuwata, na biyu cikin akurkin maƙwabci. Mai unguwa ya yanke magana: in ta ƙara fita, sanda ce. Ɗan ƙanwata kuwa ya rantse in anka kashe ta zai koma inda ya fito. Duk ɗakinmu shi kaɗai ya rage mini. Shi ya sa da anka ce akwai wani tsohon gardi a bayan Tajaye wanda ya san abin da ke hana maciji zama, na ɗauki sandata.

A tasha anka girmama furfura, anka ba ni gidan gaba. Ashe girman da ƙaya ya zo. Ɗan nawa ya ce bayan mota da zafi, sai ya tura akwatin tsakanin ƙafafuna. Daga Ƙonni zuwa Tsarnawa tafiya ce ta shan shayi, amma ni na tsufa a cikinta. Kowane rami direba ya faɗa, sai in ji abu ya juya can ƙasa, a hankali, kamar ana jan igiya cikin rijiya. Na naɗe ƙafar wandona, na kuma sake ta. Wata mata a baya tana da kaji uku. Tun da munka tashi ko ɗaya ba ta yi kuka ba. Kaza ta fi mutum sani.

Direba ya shaƙi iska ya ce, "Wa ya ɗauko kananzir cikin motar ga?" Na juya ina kallon gonaki. Dammunan gero jibge, an fara ɗinke rumbuna, kaka ta yi kyau, sai dai ni ba kyanta nake kallo ba.

A Tsarnawa munka sauka don canza mota. Buhunan albasa sun yi tudu bakin hanya, kamyo, manyan motocin kaya, na lodi, ƙosai ya ƙanƙance kamar ƙwan zabo amma kuɗinsa bai ƙanƙance ba. Na saya haka nan. Da munka kama hanyar Tawa, jandarma ya tsayar da mu, ya ƙwanƙwasa akwatin da yatsa.

"Baba, mi ke ciki?"

Na ce, "Ɗana, ni ma roƙon da nake yi ke nan, ta zauna ciki."

Ya leƙa ta huji. Ban taɓa ganin mai kaki ya ja da baya da ladabi haka ba. Ko katin ɗan ƙasa bai tambaye mu ba.

Inda kwalta ta rabu da mu, amalanken jaki munka hau. Jakin ma kunnuwansa baya sunka koma har munka isa.

Gardin tsoho ne tukuf, ido ɗaya, hannuwansa duk tabo. Ya ba mu fura, sannan ya buɗe akwatin kamar mai buɗe kwanon tuwo. Na koma bayan turmi. Ya ɗaga mesar, ya juya cikinta, sai ga jan tabo-tabo kamar ƙuna. Idon ɗan ƙanwata ya kawo ruwa.

Tsohon ya fara lissafa abin da ba a shimfiɗa wa maciji. Garin katako ƙurarsa na shiga hanci, balle na kafinta mai fenti. Ƙaiƙayin gero na sukar ciki, yana kiran tururuwa. Yashi tana haɗiye shi tare da ɓera. Ɓawon gyaɗa da ya ji ruwa sai fumfuna. Shi abin da yake sawa ƙasar fadama ce, a shanya ta kwana uku a rana, a tankaɗe, a zuba busasshen ganyen mangwaro a sama, a kifa mata rabin tulu ta samu wurin ɓuya, da kaskon ruwa a gefe.

Sai ya damƙi garin katakon ya kai hanci. Ya daɗe. Ya ɗago idon nan guda.

"Amma duk wanga ba shi ya kore ta ba. Wa ke zuba mata kananzir da tafarnuwa?"

Jama'a, na gwammace mesar ta hau ni da wanga kallo. Ni ne. Tun ranar da akwatin ya shigo gidana, kullum ɗan nawa ya tafi kasuwa sai in ɗiga mata ta huji. Haka kakata ke yi wa gindin rumbu don maciji. Na yi lissafina na mai aji uku: in magani na aiki daga nesa, to kusa ya fi.

Gardin ya yi dariya har da tari. "Abokina, maganin korar maciji ka zuba masa cikin ɗakinsa, kuma kana mamakin ya fita? Ina kake so ya tafi in ba ɗakinka ba?"

Ɗan ƙanwata bai yi dariya ba. Ya ce, "Kawu, da ka ce mini tsoro kake ji." Na ce, "Da wane baki? In na faɗa ka tafi." Gardin kuwa ya shiga shafa wa mesar man kaɗe a ciki.

Kafin magariba munka iso Ƙonni da buhun ƙasa da na ganye. A hanya ɗan nawa ya ɗauki akwatin bisa cinyarsa, ban roƙa ba. Kwalbar kananzir na miƙa wa tsohuwata ta hura wuta.

Yau sati uku mesa ba ta fito ba. Ni ke tsinto ganyen mangwaro, ni ke tankaɗe ƙasa, daga nesa, da rariya mai dogon mariƙi. Tsoro bai bar ni ba, har yanzu da tsumma nake toshe ƙarƙashin ƙofa. Abin da tafiyar ga ta koya mini shi ne, tsoron da ka ɓoye shi ke buɗe wa abin murfi. Jiya na ga ɗan ƙanwata yana kwaɓa ƙasar tubali a kusurwar gida. Ya ce ɗaki zai gina. Ban tambaye shi ko nasa ne ko nata ba. Na dai ce ya sa ƙofar ta kalli gidan mai unguwa.