Ƙarafa Biyun Barau

Barau mutumin Tasawa ne. Shekararsa ashirin da shida a Madina, kuma kusan duk a ƙarƙashin mota ya yi su, a wata warshar gyaran motoci can bayan Harra ta Yamma. Takardar iƙamarsa, wato ta izinin zama, lebura ta kira shi tun ranar da ya shigo, babu wanda ya damu ya canza. Amma direbobin da ke jigilar masu harami daga Bi'ir Ali sun san idan ƙasan mota ya soma kuka, wurinsa ake zuwa. Dafa mota yake yi ya jijjiga, ya kasa kunne, ya gaya maka abin da ya mutu.

Wata Talata wani ɗan gari mai suna Saif ya kawo tsohuwar motar Amurka, ja, mai ƙofa biyu, gadon mahaifinsa. Injinta kamar zai tsaga gini, amma da an taka mai sai tayoyin baya su yi ta juyawa wuri ɗaya suna hayaƙi, bayan motar ya kama tsalle yana dukan ƙasa. Warsha uku ta zaga, kowacce inji ta ƙara wa ƙarfi, abin sai gaba ya yi.

Mudir, wato manajan warshar, ya damƙa ta ga Muhsin, sabon injiniyan da ya ɗauko, mai takardun shaida rataye a bango. Muhsin ya sa tayoyi masu faɗi. Tsallen bai daina ba. Sai a kwana na tara aka tuna da Barau.

Ya sa aka ɗaga ta, ya daɗe yana kallo. Ya ce inji ba shi da laifi. Susta ne suka gaji, faffaɗan ƙarafunan nan da ke ɗauke da bayan motar. Da ƙarfi ya zo sai su murɗe, su saki, su sake murɗewa, taya ba ta samun zama a kwalta balle ta kama. Ya canza su, ya canza robobinsu da shakazoba. Sannan ya yanko ƙarafa biyu da hannunsa, ya yi musu walda, ya ɗaura kowanne ƙarƙashin susta don ya hana shi murɗewa. Ya auna, ya kwance, ya sake aunawa. Kwana goma sha ɗaya yana abu ɗaya, har matarsa Zenabu ta soma mita kan ciwon bayansa.

Ranar gwaji, bayan la'asar, a wani fili da babu kowa, Saif ya taka mai. Motar ta ɗan durƙusa ta baya, ta fita a miƙe ba ko tsalle. Saif ya sauko ya rungume Muhsin. Barau ya ɗauka ruɗewar murna ce.

Bayan mako ɗaya 'yarsa Safiyyatu, haihuwar Madina, ta miƙo masa waya da wani hoton bidiyo a ciki, tana tambaya da Larabci ko ba motarsa ba ce wannan. Ita ce. Ga Muhsin cikin farar riga tas, yana nuna ƙarafan nan biyu, yana ba da labarin yadda ya ƙirƙiro su. A gefen hoton ana hango ƙafafu biyu sanye da silifa ƙarƙashin wata motar. Na Barau ne.

Washegari ya sami mudir a ofis. Ya faɗi kokensa, bai ɗaga murya ba. Mudir ya saurare shi yana juya cokali a shayi.

"Ya Barau, mai irin wannan motar ba ya son ya ji lebura ne ya taɓa masa ita. Kai ma ka sani."

Lebura. Mutumin da ya koya wa rabin warshar nan riƙe sifana. Barau ya fito ya ƙudurta ba zai ƙara taɓa irin motocin ba.

Hoton kuwa ya jawo wata motar irinta, shuɗiya. Muhsin ya kwaikwayi ƙarafan da ido. Barau yana gefe yana juye baƙin mai, yana gani sarai na hagu ya fi na dama tsawo, kuma ya san da an taka mai motar za ta fizge gefe. Kwana biyu yana cin rai, ya ƙi sa hannu. Ranar Alhamis aka sauke ta, mai ita yana hanya. Barau ya ajiye galan ɗin hannunsa.

"Ku ɗaga ta. Ba za a kashe ɗan mutane ina kallo ba."

A gaban kowa ya kwance aikin ya sake shi, yana faɗar kowane awo da ƙarfi, da Larabci, don kada wani ya ce bai ji ba. Mudir ya leƙo ya koma.

Da za a tashi Muhsin ya same shi wurin wanke hannu, ya waiwaya ya ga babu kowa, sannan ya yi masa godiya ƙasa-ƙasa. Barau ya ce masa ya je ya faɗa a inda ya faɗi waccan maganar. Muhsin bai je ba. Asabar da safe Barau ya iso aiki ya tarar da mota ta uku irin waɗancan, baƙa, an ajiye ta daidai wurinsa, makulli a jiki.