Kafin Injin Ya Huce

Baba ya bar aikin gwamnati da abu biyu: shiru, da wata tsohuwar motar dizal mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, wadda ke fito kamar buta a kan wuta in ta ɗauki hanya. Lokacin ina koyarwa a Bungudu, shi ke zuwa ran Juma'a ya maido ni Gusau. Duk tsawon hanyar ba ya cewa komai, sai "Subhanallahi" in mun faɗa rami.

Wata rana akori-kura ɗauke da buhunan gero ta wuce mu. Washegari kuwa na raka Baba Tsafe wurin wani bakanike da ya yi suna wajen murɗa famfon mai.

"Alhaji, zan ƙara mata wuta, amma da sharaɗi," in ji shi. "In kun isa gida, kar ku kashe ta nan take. Ku bari ta huce, in ba haka ba turbon shi ƙone."

"Ni da na tsufa ina jiran sa hannun manya, jiran mota ka gagara ta?"

Haka muka fara zama a ƙofar gida, inji na gurnani, hannunsa a kan makulli. Ashe uba ba ya iya zama kusa da ɗansa babu aikin yi, sai bakinsa ya buɗe. A nan na ji yadda ya fara ganin marigayiya Inna a garin Wanke, ya je awon auduga, ta ce masa sikelinsa maƙaryaci ne. Labarin yakan zo gutsure-gutsure. Ko a tsakiyar magana yake, da ya ji ƙarar ta lafa sai ya murɗa makulli: "Ta huce." Ni kuwa in yi ta fatan injin ya daɗe da zafi.

Sai wahalar mai ta zo. Baba ya ce ba zai ƙona dizal a tsaye ba, ya koma kashewa da zarar mun tsaya. Ba a jima ba ta soma shuɗin hayaƙi, turbon ya tashi daga aiki, bakaniken ya cire shi yana ta mita.

Motar ta ci gaba da kai mu gida a hankali, ba ta bukatar jira. Labarinsa da Inna kuwa ya tsaya ne a inda mahaifinta, kakana, ya hana Baba shiga zaure. Yadda aka yi ya shiga, har ya koma ga Allah ban ji ba.