Ganyen da Kaka Ke Dakawa

Har yau warin kafur bai bar rigata ba. Matata ta wanke ta shanya, amma da na ɗaga hannu sai in ji shi, sai kakata ta faɗo mini a rai, ko da yake ita ba ta taɓa ajiye kafur a ɗakinta ba.

Mu a gidanmu na unguwar Briqueterie akwai wata fata da muka gada. Da damina ta kankama, jar laka ta cika lungu, bango ya fara gumi, sai ƙuraje su feso wa yara a wuya da bayan gwiwa, su yi ta susa har jini. Ni ma na sha. Maganin yana hannun kakata, mahaifiyar babana. Takan gangara fadamar da ke tsakaninmu da unguwar Messa, ta dawo da ganye ƙulle a bakin zane, ta daka a ƙaramin turmi, ta shafe mu. Sanyinsa kamar ka jingina da randa. Ƙamshinsa kuwa ko a cikin barci zan gane shi: ɗanye, da ɗan yaji irin na citta, da wani abu kamar ƙasar da ruwan fari ya taɓa.

A lokacin matan auren gidanmu ba sa fita. Innata da matan baffannina babu wadda ta taɓa taka fadamar nan, dakakke kawai suka sani. Maza suna kasuwa ko kan keken ɗinki. Tsohuwa ce ke da izinin yawo, sai yaro. Ni ne babban jikanta, ni take ja.

"Maigida, taso ka raka matarka."

"Ai na sake ki tun jiya."

"Sakin mai majina ba ya kamawa. Taso ka ga abin nan da idonka, ba kullum nake nan ba."

Abin nan take ce masa. A wurinta magani ba a kiran sunansa, nunawa ake yi, in baki ya yawaita taɓa shi ƙarfinsa yakan gudu. Ina tasowa kuwa, ba na ƙi. Sai dai a bakin fadamar akwai fili inda yara ke buga bal, nan ƙafata ke tsayawa. Ta shiga ciyawa ita kaɗai, ta fito, in karɓi ƙullin in riga ta shiga gida, a yi ta sa mini albarka. Ban taɓa cewa ban shiga ba. Ita ma ba ta taɓa tona ni ba.

Wata damina wani mutum ya zo, ɗan kudu, da takalmin roba har gwiwa, ɗauke da katako biyu da tsofaffin jaridu. A kasuwar Mokolo ya ji labarin tsohuwar. Shi Faransanci, ita Hausa da ɗan Fillanci, da yatsa suka fahimci juna. Daga filin bal na hango shi durƙushe, yana shimfiɗa ganye tsakanin jaridu, yana dannewa da katako yana ɗaurewa. Muka yi ta dariya, muna cewa likkafani yake yi wa ciyawa. Da Kaka ta hau gangaren ta dube ni ta ce, "Baƙo ya durƙusa ya duba. Kai idonka a ƙafa yake."

Ta rasu shekarar da na bar lekol, wato makarantar boko, na kama ɗinki. Fadamar ma aka cike ta da ƙasa. Yanzu gidaje ne da garejin masu moto, wato babur.

Bana autata ta ɗauko fatar gidan. Mun je asibiti, an ba mu man shafawa, yakan kwantar da ƙurajen, da ya ƙare su dawo. Uwarta safa take sa mata a hannu don kada ta yage kanta. Innata, wadda yanzu ita ce tsohuwar gidan, ta kira ni ta ce, "Kai ne ka je. Kai ne ka gani. Je ka nemo." Na sunkuyar da kai.

Wani malamin makaranta da nake wa ɗinki ya gaya mini akwai gidan da masu binciken tsirrai ke ajiye busassun ganye. Na tuna mai jaridu, na hau taksi. Wata mata mai tabarau ta karɓe ni da mutunci. Ɗaki ne mai sanyi, kabad na ƙarfe jere, kowane ganye manne a kan takarda mai kauri, da sunansa da inda aka tsinko shi. Ta ce da su ake sanin abin da ya taɓa tsirowa a wuri ko bayan an gina shi, kuma masu neman magani daga nan suke farawa. Na ba ta labarin yarinyata da na mai jaridu, ta duba na'ura, ta shiga ciki, ta fito da takardu da dama ta jera a tebur. A ƙasan kowace na ga an rubuta Briqueterie da rubutun hannu. Hannun Kaka ya taɓa ɗaya daga cikinsu.

Ta fara tambayata. Ganyen suna fuskantar juna ne a jikin kara, ko ɗaya sama ɗaya ƙasa? Bakinsa yana da haƙora? Yana yaɗo ko yana tsaye? Furen wane launi?

"Madam, ban sani ba. Ƙamshinsa na sani."

Ta ce in sunkuya amma kada in taɓa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shaƙa. Kafur. Duk kafur, wanda suke sawa don ƙwari. Ta nuna mini biyu masu kama da juna kamar Hassan da Husaini, ta ce ɗaya mutane na wanka da shi, ɗayan ruwansa ƙona fata yake yi. "Ba zan ce ka gwada a jikin yarinya ba," in ji ta. Ta ce in kai ta wurin likitan fata, in kuma na tuna wani abu ƙofa a buɗe take.

Me zan tuna? Na tuna wanda ya ci bal a ranar, na tuna launin takalmin mutumin.

Yanzu matan gidanmu suna fita, matata har a kasuwa take da tebur, amma babu fadamar da za su shiga. Turmin yana nan ƙarƙashin gadon Inna. Ganyen ma yana nan a wancan ɗaki mai sanyi, an adana shi fiye da yadda muka adana, da sunansa a rubuce ƙarƙashinsa. Na tsaya a kansa, na kalle shi, ban san shi ba. Allah ya jiƙan Kaka, ni kuma ya yafe mini.

Da na dawo ranar, autata ta rugo da safa a hannu ta rungume ni. Ta cusa hancinta a rigata, ta ɗago kai ta ce, "Baba, wannan ne maganin?"