Atika da Shafin Tungar Bauje

Atika tana tsaron wani kemis a unguwar Doka, na ƙanin mijinta. A Badarawa aka haife ta, a nan ta yi aure. Lokutan da ciniki ya yi sanyi ne ta fara leƙa kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya rubutu a cikinsa da Hausa. Da gyaran ƙa'idar rubutu ta soma, tana bin ɗ da ƙ tana mayar musu da lanƙwasarsu, har aka san ta. Da tafiya ta yi nisa marubutan suka zaɓe ta cikin masu gudanarwa, wato masu ikon goge shafi ko toshe wanda ya ƙi bin doka. Ta sha raba Bakano da Basakkwace a kan kalma ɗaya, kowa ya tashi bai ji an ci masa fuska ba.

Ita ce ta koya wa Baba Lawan shiga kundin. Maƙwabcinsu ne, Bazamfare, dattijon da ya koma tuƙin keke bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, Tungar Bauje. Ya buɗe wa ƙauyen shafi, yana rubutu da ɗan yatsa ɗaya idan ya tsaya jiran fasinja. Ya sa rijiyoyi, ya sa kasuwar Laraba da gonakin auduga. Can ƙasa kuma ya rubuta sunan wani mutum, ya ce shi ne ya nuna wa 'yan bindiga hanya.

Wani marubuci mai suna Mustapha ya cire jimlar, ya ce ba a ɗora wa mai rai laifi irin wannan ba tare da madogara ba. Baba Lawan ya mayar. Aka cire, ya sake mayarwa. Mustapha ya nemi a goge shafin baki ɗaya, tunda babu jarida ko littafin da ya taɓa ambaton ƙauyen. Magana ta zo hannun Atika.

Ta yi wa Baba Lawan bayani a shafin tattaunawa na kundin, ta yi masa a ƙofar gida, bai ji ba. Ranar da ya mayar da sunan, har ya ƙara da garin da mutumin yake zaune yanzu, sai ta daina lallashi. Ta goge jimlar yadda ba mai sake ganinta, ta toshe shi na wani ɗan lokaci.

Bayan la'asar ya ajiye kekensa a bakin kemis.

"Atika, ke kika rufe mini baki?"

"Baba, ku zauna. Idan wani ya karanta ya je ya taɓa mutumin nan, jininsa yana wuyanmu."

"Namu jinin a wuyan wa yake? Kuna cewa madogara. Da hannuna na binne ƙannena biyu. Ɗan jarida bai zo ba, shi ke nan ba a yi ba?"

"Ban ce ba a yi ba, Baba. Amma kun ga mutumin da idonku yana nuna musu hanya?"

"Kowa ya sani," in ji shi, ya juya ya tafi.

Atika ta tsaya kai da fata kada a goge shafin. Ta bi tsofaffin taswirori har ta samo sunan ƙauyen a ɗaya. Aka bar shafin, amma da layi biyu kawai: sunan ƙauye da jihar da yake. Rijiyoyi da kasuwa duk suka tafi, domin su ma ba wanda ya taɓa rubuta su.

Wa'adin toshewar ya cika, Baba Lawan bai dawo kundin ba. Suna gaisawa, sai dai gaisuwar ta zama ta fatar baki. Matarsa ta daina aikowa a karɓi maganin hawan jini, ta koma saye a Unguwar Sarki. Atika ta roƙi wata ƙawarta, Sadiya, mai aiki a gidan rediyo, ta yi hira da shi ko a samu abin dogaro. Ya ce ya gama magana.

Har yanzu Atika tana aikin, kuma ta ce ko yau abin ya dawo haka za ta yi. Sai dai mijinta ya lura cewa duk ranar da ta toshe wani, ba ta iya cin abincin kirki.