Jelar da ke Bin Hoto

Yayana mai aski ne, ya ba arba'in baya, amma da ya rufe shago ba abin da ya sani sai gem ɗin harbi na kwamfuta. Shi da wasu samari huɗu suka haɗa ƙungiya. Dattijo suke ce masa, yana kuma amsawa, ko kunya babu.

Da suka fara shan kashi a gasa, samarin suka gaya masa gaba da gaba: in aka sake cin su ta gefensa ranar Asabar, wani za su sa. Shi kuwa ya rantse laifin monitarsa ne, wato allon kwamfutar.

"Zo ki gani," ya ce min. "Mutum na giftawa da gudu sai hoton ya ja jela. Wa zan harba, shi ko jelar?"

Ni dai ban ga wata jela ba, amma wa ya isa ya faɗa?

Ya sauya kebul. Ya ƙure saurin allon, jelar ta koma fara, ta fi da muni. Daga baya ya gano wani saiti da ke sa hasken allon ƙiftawa da sauri. Jela ta ɓace, amma allon ya dushe. Maimakon ya haƙura, sai bawan Allah ya rataye barguna a tagogin falo. Da rana tsaka matarsa na laluben takalman yara, autarsu na karo da kujera, shi yana zaune da jajayen idanu yana haɗiyar maganin ciwon kai.

"Yaya, gida ne wannan ko rami?" na ce masa.

"Ke dai bari Asabar ta wuce."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san duk wanda ya zauna a kujerar askinsa sai ya ji labarin ƙungiyar nan; in suka cire shi, da wane ido zai kalli mutane?

Ranar Asabar na tsaya a bayansa. Aka harbe shi, aka sake, aka kuma. Bai daki tebur ba, bai zagi kowa ba. Ya cire abin sauraron da ke kunnensa ya ajiye a hankali.

"Jelar ce ta dawo?" na tambaya.

"Babu jela. Tar nake ganinsu, ƙanwata, tun daga nesa." Ya kalli hannunsa na dama. "Kafin wannan ya motsa sun gama da ni."