Dutsen da Baba Shebur Ya Cire

Baba Shebur bai taɓa hawa keke a kan hanyoyin da yake gyarawa ba, kuma ba ya jin kunyar faɗa. In 'yan keke suka tsokane shi, sai ya ce su yi ta fama da tayoyinsu, shi Allah Ya ba shi ƙafafu masu birki.

Ƙuruciyarsa duk a gyaran titi ta ƙare. Cike rami, share kwalbati, zuba tsakuwa, bin bayan motar kwalta har warinta ya kama rigunansa, matarsa ta gaji da wanki ta haƙura. A can ya samo sunan, a can kuma ya samo aƙidarsa guda ɗaya, cewa hanya mai kyau ita ce wadda mai tafiya ba ya ma sanin yana kanta. Da ya bar aikin ya gwada zaman gida, zaman ya ƙi shi. Sai ga labari cewa gandun dajin da ke bayan gari, mai tuddai da manyan itatuwa, an fitar masa da hanyoyin keke ana neman mai kula da su.

Ranar farko Oga, wato shugaban gandun, ya zagaya da shi a ƙafa. Ya nuna masa saiwoyin da suka ratsa hanya ya ce kada ya sare. Ya nuna masa duwatsu ya ce kada ya taɓa. Nasa shi ne ya buɗe wa ruwa mafita, ya janye reshen da ya faɗo, ya cike inda ƙasa ta zaizaye. Baba Shebur ya ce to, amma a ransa ya riga ya yanke cewa mutanen nan da sauransu. Manya da hankalinsu, wasu har da furfura, su yi ta haki zuwa ƙolin tudu don kawai su gangaro ta inda akuya ma sai ta yi shawara.

Duk da haka aikin ya karɓe shi. Da safe yakan buɗe ɗakin ajiya da ke gefen ƙofar gandun, inda diga da manjagara da shebur kowanne yake da ƙusarsa a bango, ya loda baro ya shiga daji. Ya san inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama, ya san itacen da ke zubar da ganye mai santsi. 'Yan keke suna sonsa, suna ɗaga masa hannu, shi kuma yana bin su da addu'a kamar yadda ake bin mara lafiya.

Auta ce ta ɓata masa lissafi. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aiki a kantin magani, kuma tun tana rarrafe ba ta san tsoro ba. Wata rana ta kawo masa maganin hawan jininsa da ya manta a gida, wata mata cikin masu hawa ta ara mata keke da hular kwano ta ce ta ɗan zaga. Zagayen da bai ƙare ba ke nan. Ba a daɗe ba ta sayi nata na hannu, duk ranar hutu tana gandun. Ya kai ƙara wajen uwarta, uwar ta ce ai taurin kan ba daga ɗakinsu aka kawo shi ba. Tun daga nan kowace ƙarar birki da ya ji a daji sai gabansa ya faɗi, don gani yake nata ne.

A kan hanya mafi tsayi akwai wani dutse da 'yan keke suke kira Goshi. Ya turo kai ne a tsakiyar gangare, ƙasa da shi kaɗan kuma hanyar ta yi kwana mai kaifi ta kewaye wani ƙaton itace. Sababbin hannu sauka suke yi su ja keken su wuce shi. Auta ma haka take yi, har ranar da suna cin abinci ta faɗa, ko a jikinta, cewa hutun nan mai zuwa za ta haye Goshi a kan keke. Baba Shebur ya ajiye cokali. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko lokacin da manyan motoci ke shafar rigarsa a bakin titi. Bai ce mata kada ta yi ba, don ya san 'yarsa.

Ana cikin haka aka yi ruwa mai ƙarfi, Oga ya rufe hanyar kwana biyu don ta sha iska. Baba Shebur ya ɗauki diga da dogon ƙarfe ya hau shi kaɗai. Ya haƙa kewayen dutsen, ya banƙare shi, ya mirgina shi cikin ciyawa. Ya cike ramin, ya daddaɓe, ya bi da manjagara har wurin ya kwanta sumul. Da ya ja baya ya duba, sai ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. A ganinsa tun da ya zo gandun nan, ranar ce ya yi aikin hanya na gaskiya.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, Goshi ne yake sa kowa ya kama birki kafin kwanar. Auta ce ta fara gangarowa da aka buɗe hanyar. Ta rage gudu inda ta saba, ta duba ba dutse, sai hanya fes a gabanta, ta saki birki. Keken ya kwasa. Kafin ta ankara kwanar ta iso, sabuwar ƙasar da ba ta gama yin tauri ba ta zame a ƙarƙashin taya, ta bugi gindin itacen da kafaɗa. Hular kwano ta tsare kan, ƙashin kafaɗar dai ya karye.

Oga bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce wanda ya zana hanyar da gangan ya bi da ita ta kan dutsen. Ya ce ko dai Goshi ya koma mazauninsa, ko a rufe hanyar gaba ɗaya, kuma Baba Shebur ya je ya ji da 'yarsa tukuna.

A asibiti ya same ta zaune, hannu rataye a wuya, uwarta na gefe tana ɓare mata lemo. Ya faɗa mata abin da ya yi, bai rage komai ba. Uwar ta dube shi ta kau da kai. Ya fara fatan Auta ta zage shi.

"Baba, dutsen nan tun daga nesa nake ganinsa," in ji ta. "Shi yake gaya mini in yi a hankali."

Ya roƙe ta ta bar hawan haka nan, ya ce ya tsufa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

"Zan koma, Baba. Kai dai ka gaya mini wace hanya zan tarar."

Mayar da Goshi ya fi cire shi wuya. Sai da abokan aikinsa suka zo da igiya da katako aka jawo shi daga ciyawa. Auta ta matsa sai an zo da ita. Ta tsaya a sama da hannunta a rataye tana ba da umarni, a juya shi hagu, a ɗaga bakin kaɗan, ba haka yake ba, da ya fi wannan tsini. Duk gyaran da ta faɗa ƙara wa dutsen mugunta yake yi, Baba Shebur kuma yana yi da hannunsa, bai yi gardama ko sau ɗaya ba. Ya cusa ƙananan duwatsu a ƙarƙashi, ya daddaɓe, ya hau kai ya yi ta tsalle da tsufansa har abokan aikin suka ce ya sauko kada a koma asibiti da mutum na biyu.

Kafaɗar ta ɗauki lokaci kafin ta warke. Ranar da Auta ta dawo, Baba Shebur ya sami aikin yi a daidai kwanar, yana jan manjagara a wurin da babu ko ganye ɗaya. Ya ji tahowarta tun daga sama. Ya ji birki ya kama, ya ɗaga kai ya ga tayar gaba ta hau Goshi, keken ya yi kamar zai tsaya, sannan ya sauko lafiya. Ta shiga kwanar a hankali, ta wuce ta gabansa har yana jin numfashinta, ba ta ko dube shi ba, don a wurin nan mai keke ba ya ɗauke ido daga hanya.

Ya zauna a bakin baro. Tun da ya haife ta, ranar ce ta fara wuce shi ba gaisuwa, kuma ya gode wa Allah da ba ta gaishe shi ba.